Mazaunin Inji da Aikin Mafitar Iska a Jirgin Sama: Nazari Daga Filin Jirgin Dutse

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yin rakiyar maniyyaci zuwa filin jirgin sama na Dutse a lokacin jigilar alhazai, ya ga yadda ƙaton jirgi samfurin Boeing 747 yakan tsaya a bakin titin tashi, injinansa huɗu su yi ruri, sa'an nan ya sheƙa a guje har ya ɗaga. Abin da akasarin 'yan rakiya ke ɗauka shi ne, in dai inji mai ƙarfi ne, to ko'ina aka maƙala shi a jikin jirgi zai ba da ƙarfin da aka san shi da shi. Masu ƙera jirage sun daɗe da gane cewa al'amarin ya wuce nan, kuma sun gane hakan ne bayan hasarar kuɗi da lokaci mai yawa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ƙarfin da inji ya bayar a dandamalin gwaji, yana shi kaɗai, dabam yake da wanda zai bayar bayan an rataye shi a jikin jirgi. Dalili kuwa shi ne, ƙofar da iska ke fita daga inji tana fesa iskarta ne a cikin wata iskar da fiffike da gangar jirgi suka riga suka murɗa. Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Haka abin yake ga inji da maƙwabtansa. Za a fara da bayanin kalmomi, sa'an nan yadda ƙofar ke aiki, da hanyoyin da mazaunin inji ke shafar ta, da misalai biyu daga tarihi, ɗaya daga cikinsu ya shafi Kano. Daga ƙarshe za a dawo Dutse domin a ga inda wannan magana ta shafi alhazan Jigawa.

2.0 Kalmomin da Aka Yi Amfani da Su

Tun da yake fannin baƙo ne ga Hausa, ya kamata a daidaita kalmomi tun da wuri. Kanikawan mota da na babur suna kiran bututun hayaƙi salansa. Wannan kalma ba ta dace da jirgin sama ba, domin aikin salansa shi ne ta zubar da hayaƙi ta kuma rage ƙara, alhali ƙofar bayan injin jirgi ita ce ke mayar da matsin iska ya zama gudu, gudun kuma ya tura jirgi. Saboda haka a nan an kira ta mafitar iska, ko mafita a taƙaice. Bakin gaba, inda inji ke zuƙar iska, shi ne mashiga.

Rigar ƙarfen da ta lulluɓe inji an kira ta kube, domin inji na zaune a cikinta kamar yadda takobi ke zama cikin kubensa. Ƙarshen kuben, inda yake tsukewa zuwa mafita, shi ne ƙeyar kube. Ƙarfen da ya riƙe inji a ƙarƙashin fiffike shi ne maratayi. Sassan bayan fiffike waɗanda matuƙi ke sassautowa ƙasa lokacin tashi da sauka su ne leɓɓan fiffike. Ƙarfin da ke tura jirgi gaba shi ne tunkuɗa, wanda ke ja da shi baya kuwa saboda gogayya da iska shi ne tirjiya. Matsi kuma shi ne nauyin da iska ke dannawa da shi a kan abin da ta taɓa.

3.0 Yadda Mafita Ke Aiki

Tushen al'amarin yana cikin ƙa'idar da Isaac Newton ya wallafa a 1687, watau duk abin da ya tura wani abu, shi ma wancan abin zai tura shi daidai gwargwado. Inji yana jefa iska baya, iska kuma tana tura inji gaba. A kan wannan ƙa'ida ce Frank Whittle na Ingila da Hans von Ohain na Jamus suka gina injin jet, wanda ya fara ɗaga jirgi a Jamus ranar 27 ga Agusta, 1939.

Injinan manyan jiragen fasinja suna da babbar fanka a gaba. Iskar da fankar ta zuƙo tana rabuwa biyu. Kaso kaɗan yana shiga cikin inji, a matse shi, a ƙona shi da mai, ya juya fankar, sa'an nan ya fita da zafi ta mafitar tsakiya. Kaso mafi yawa, wanda ya haura kashi 80 cikin 100 a injinan Boeing 747-400, yana bi ta gefe ba tare da ya ga wuta ba, ya fita ta mafitar fanka. Ke nan inji guda yana iya zama da mafita biyu, ta sanyi a waje, ta zafi a tsakiya. Boeing 747-400 ya fito da injinan kamfanoni uku. Na General Electric da na Pratt & Whitney suna da gajeren kube, kowace iska da mafitarta. Na Rolls-Royce kuwa yana da dogon kube, inda iskar biyu ke gauraya kafin su fita ta ƙofa guda.

Mafita bututu ce mai tsukewa, kamar mazurari. Manomin fadama a Jahun ko Miga ya san wannan dabara, domin in ya danne bakin tiyon injin ban ruwa da babban yatsa, ruwan yakan ƙara gudu ya yi nisa. Abin da ke korar iska ta cikin mafita shi ne bambancin matsi tsakanin ciki da waje. Muddin matsin ciki na ƙaruwa, gudun iskar na ƙaruwa, har ya kai gudun sauti a wuri mafi tsukewa. Wannan na faruwa ne idan matsin ciki ya ninka na waje kimanin sau 1.9. Daga nan sai a ce mafita ta ƙoshi.

Ƙoshi yana da muhimmanci ƙwarai ga wannan nazari. Labarin canjin matsi yana tafiya cikin iska da gudun sauti ne. Idan iska na fita da gudun sauti, labarin abin da ke faruwa a waje ba zai iya komawa cikin inji ba. Misalinsa kamar ruwan sama ne da ke zubowa daga indararo. Ko tulun da aka tara a ƙasa ya cika, ko bai cika ba, indararo bai sani ba. Amma mafitar da ba ta ƙoshi ba kamar kwata take, wadda ke zuba cikin kududdufi. Da zarar kududdufi ya cika, ruwan kwata zai ja baya har cikin gida.

Fankar irin waɗannan injina tana ninka matsin iska kimanin sau 1.6 zuwa 1.7. A ƙasa, lokacin da jirgi ke fara gudu, wannan bai kai 1.9 ba, don haka mafitar fanka ba ta ƙoshi ba. A sama kuwa, inda jirgi ke gudun kimanin kilomita 900 a sa'a, gudun kansa yana cusa iska cikin mashiga ya ninka matsinta kimanin sau 1.6 tun kafin ta isa fanka. In an haɗa biyun, matsin ya haura ninki 2.5, mafitar fanka ta ƙoshi. Ke nan lokacin tashi ne mafita ta fi jin abin da maƙwabtanta ke yi.

4.0 Hanyoyin da Mazauni Ke Shafar Mafita

4.1 Matsin iskar da ke kewaye da mafita

A dandamalin gwaji, inji yana fesa iskarsa cikin iskar da ke tsaye, mai matsi iri ɗaya ta kowane gefe. A jikin jirgi ba a samun wannan. Fiffike yana ɗaga jirgi ne ta hanyar rage matsi a samansa da ƙara shi a ƙarƙashinsa, mafitar injin da aka rataye kuwa tana nan daidai ƙarƙashin gaban fiffiken. Lokacin tashi, sa'ad da aka sassauto leɓɓan fiffike kuma jirgi ya ɗaga hanci, matsin ƙarƙashin yana ƙaruwa. Mafitar da ba ta ƙoshi ba sai ta ji kamar an ɗan toshe ta, iskar da ke wucewa ta ragu. Wannan ragin yana komawa har kan fanka, ya matsar da ita kusa da yanayin da iska ke ɓalle wa fukafukanta ta yi tuntuɓe. Shi ya sa masu ƙera inji ke barin rata tsakanin inda fanka ke aiki da inda take tuntuɓe, kuma girman ratar ya dogara da jirgin da za a ɗora injin a kai.

Bugu da ƙari, matsin ba daidai yake ba a kewayen mafita. Gefen sama yana fuskantar maratayi da fiffike, gefen ƙasa yana fuskantar sarari. Saboda haka iskar takan fita a ɗan karkace, tunkuɗa kuma ta bi wannan karkatar.

4.2 Lungun da ke tsakanin kube da fiffike

Mutanen Dutse sun san yadda iskar hunturu ke ƙara ƙarfi in ta shiga tsakanin manyan duwatsu biyu. Haka ke faruwa a lungun da kube da maratayi da fiffike suka kewaye. Iskar da ta shiga lungun tana ƙara gudu. Tun da yake jirgi a sama yana tafiya da kusan kashi 85 cikin 100 na gudun sauti, ƙari kaɗan ya isa ya sa iskar lungun ta wuce gudun sauti. In ta wuce, takan ja birki farat ɗaya a wani siririn wuri mai kama da katanga, inda matsi ke tashi nan take. Bayan wannan katanga iska takan saki jikin ƙarfe ta hargitse, tirjiya ta ƙaru.

Ƙeyar kube ma tana da nata rabo. In an tsara ta da kyau, iskar da ke bin bayanta tana rage gudu a hankali, matsinta ya farfaɗo, ya danna ƙeyar zuwa gaba. Wannan taimako ne na kyauta. In kuwa iskar ta saki ƙeyar kafin ta kai ƙarshe, sai a sami wuri mai ƙarancin matsi a baya, wanda ke tsotso jirgi baya. Iskar da mafita ke fesawa tana jan ta kusa da ita, don haka ƙara wuta ko rage ta yana canja matsin ƙeyar. Ke nan tirjiyar jirgi kanta tana canjawa da yadda matuƙi ya murɗa inji.

4.3 Abin da feshin ke taɓawa

Iskar da ta fita ba ta gama hulɗa da jirgi ba. Tana gogar maratayi, wani lokaci ta bugi leɓɓan fiffike in an sassauto su. Gogayyar tana cin wani abu daga tunkuɗa, bugun kuma yana ƙara ƙara da girgiza. Amma akwai masu ƙira da suka mayar da wannan ya zama riba. Jirgin Antonov An-72 na tsohuwar Tarayyar Sobiyat, wanda ya fara tashi a 1977, an ɗora injinansa a saman fiffike da gangan, domin feshin ya kwanta a bayan fiffiken ya bi lanƙwasarsa zuwa ƙasa, ya taimaka wa jirgin tashi daga gajeren fili.

4.4 Dalilin da ƙaramar hasara ke zama babba

Mai karatu na iya tambaya, in hasarar kashi 1 ce cikin 100, mene ne abin damuwa? Amsar tana cikin lissafi. Tunkuɗar da jirgi ke amfana da ita tana fitowa ne daga bambanci tsakanin gudun iskar da ta fita da gudun da ta shigo da shi. A ɗauka jirgi na gudun mita 250 a daƙiƙa, iska kuma na fita da gudun mita 400. Ribar ita ce mita 150. In mafita ta yi hasarar kashi 1 cikin 100, watau mita 4, ribar ta koma 146. Mita 4 cikin 150 kuwa ya kusa kashi 3 cikin 100. Kamar ɗan kasuwa ne a Shuwarin da ya sayi buhu a kan 250 ya sayar 400. In aka rage masa 4 a farashin sayarwa, daga ribarsa aka cire, uwar kuɗi tana nan yadda take.

Wannan lissafi yana ƙara tsanani a sababbin injina. Domin tsimin mai, ana ƙara girman fanka a rage gudun iskar da take fesawa. Faɗin fankar injinan Boeing 747-400 bai wuce mita 2.4 ba, amma na injin GE9X ya kai mita 3.4. Raguwar gudun feshi tana rage ratar riba, tana kuma sa mafita ta daɗe ba ta ƙoshi ba. Girman fanka kuma yana tilasta a matso da inji kusa da fiffike don kada kube ya taɓa ƙasa. Duk waɗannan suna ƙara wa mazauni tasiri.

5.0 Misalai Biyu Daga Tarihi

5.1 Jirgin VC10 da filin Kano

Jiragen sama sun fara sauka a Kano ne a watan Nuwamba na 1925, kuma daga baya Kano ta zama babban zango a hanyar Turai zuwa Afirka. Da zamanin jet ya zo, kamfanin jiragen sama na Ingila, BOAC, ya ga cewa samfurin farko na Boeing 707 ba ya iya ɗaga cikakken kaya daga filaye masu zafi da tudu irin na Kano da Nairobi. Saboda haka kamfanin Vickers ya ƙera masa VC10. An ɗauke injinan huɗu, samfurin Rolls-Royce Conway, daga fiffike aka jera su biyu-biyu a gefen wutsiya, domin fiffike ya zauna fes, leɓɓansa su miƙe ba tare da yankewa ba, jirgi ya tashi da sauƙi a cikin zafi.

Jirgin ya fara tashi ranar 29 ga Yuni, 1962. Gwajin sama ya nuna tirjiyarsa ta fi abin da aka lissafa, kuma wani kaso na matsalar yana wajen injinan, inda mafita biyu ke manne da juna kusa da gangar jirgi. Daga cikin gyare-gyaren da aka yi akwai wani faffaɗan ƙarfe da aka ƙara a ƙeyar kuben, a tsakanin mafitun, domin ya cike gurbin da iska ke hargitsewa. Daga baya kuma an matsar da injinan waje da inci 11, aka karkata su da digiri 3 domin su dace da yadda iska ke zuwa musu daga fiffike. Karkatar digiri 3 ba ta cin ko kashi ɗaya cikin 500 na tunkuɗa, don haka cinikin ya yi riba.

Akwai kuma matsalar birkin iska, watau ƙofofin da ke juyar da feshin inji gaba bayan sauka domin jirgi ya tsaya. An so a sa wa injinan huɗu duka, amma feshin biyun da ke ciki yana girgiza fiffiken wutsiya, sai aka bar birkin a kan biyun waje kawai. Waɗannan gyare-gyare sun tsawaita gwaji. VC10 ya fara ɗaukar fasinja ranar 29 ga Afrilu, 1964, a kan hanyar Landan zuwa Ikko, ya kuma yi suna wajen tashi daga filaye masu zafi, ko da yake ya fi Boeing 707 shan mai. Abin lura shi ne, injin Conway bai gaza ba, gama irinsa ne ke ƙarƙashin fiffiken wasu jiragen Boeing 707. Mazaunin ne ya zo da nasa sharuɗɗa.

5.2 Birkin iskar Boeing 737

Misali na biyu ya fi fito da maganar fili. Samfurin farko na Boeing 737 ya yi amfani da inji irin na Boeing 727, watau JT8D, har da birkin iskarsa. A jikin 727 injinan suna wutsiya, birkin kuma yana aiki. A jikin 737 an manna su ƙarƙashin fiffike. Da matuƙi ya buɗe birkin bayan sauka, feshin da aka juyar yakan taru ƙarƙashin fiffike ya ɗan ɗaga jirgin, nauyin da ke kan tayoyi ya ragu, birkin tayoyi ya rasa kamu. A 1968 aka fito da gyara. An tsawaita bututun bayan inji da inci 48 domin mafita ta wuce bayan fiffike, aka sa sabon birki mai ƙofofi biyu, aka kuma karkata su da digiri 35. Samfurin 737-200 mai wannan dogon bututu ya yi shekaru yana aiki a kamfanin Nigeria Airways, kuma tsofaffin matafiya ta Kano za su tuna da siririn injinsa da ya leƙo bayan fiffike.

5.3 Darasin da aka koya

Ba a iya ɗora inji a kan sikeli yana sama. Matuƙi yana karanta saurin juyin fanka ko ninkin matsi ne, daga nan a ƙiyasta tunkuɗa. Saboda haka kamfanin inji da kamfanin jirgi sukan zauna tun farko su shata iyaka, su yarda a kan wace hasara za a rubuta wa inji, wace kuma za a rubuta wa gangar jirgi. Ana gwada ƙananan samfurori masu ƙaramar fanka a zauren gwajin iska, ana lissafa tafiyar iskar da kwamfuta, sa'an nan a rataya sabon injin a jikin wani jirgi a tashi da shi. Kamfanin General Electric, alal misali, ya keɓe Boeing 747 guda domin wannan aiki.

6.0 Inda Maganar Ta Shafi Dutse

An kafa Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama babban birninta. Gwamnatin Sule Lamido ce ta gina filin jirgin, Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe shi a watan Oktoba na 2014. A 2023 aka sa masa sunan marigayi Sarkin Dutse, Nuhu Muhammadu Sanusi. Tsawon titin tashinsa kilomita 3 ne, abin da ya ba jiragen Boeing 747 na kamfanin Max Air damar kwasar alhazan jihar daga gida, maimakon tafiya Kano.

Dutse ba ta da nisa da Kano, kuma yanayinsu kusan ɗaya ne, don haka matsalar da ta haifi VC10 tana nan. Filin yana kimanin mita 450 sama da teku, zafin rana kuma yakan kai digiri 40 a watan Afrilu. Iska mai zafi sakayau take. In an lissafa, nauyin iskar Dutse a irin wannan rana ya gaza na ma'aunin da masu ƙira ke amfani da shi, watau digiri 15 a bakin teku, da kimanin kashi 13 cikin 100. A wurin jirgi, kamar an ɗauke filin an kai shi kan tudu mai kusan mita 1,500 ne. Da sanyin safiyar hunturu kuwa, in ma'aunin zafi na digiri 15, giɓin kimanin kashi 5 cikin 100 ne.

Sakayau ɗin iska yana cutar jirgi ta fuska biyu. Fiffike yana bukatar ƙarin gudu kafin ya ɗaga, inji kuma yana zuƙar iska maras nauyi. Akasarin injinan fasinja an tsara su su ba da cikakkiyar tunkuɗa har zuwa zafin kimanin digiri 30 a bakin teku. Daga nan na'urar da ke kula da inji takan rage wuta don kada cikinsa ya wuce zafin da ƙarfe zai jure. Raguwar wuta tana rage matsin fanka, mafita ta ƙara nisa da ƙoshi, daidai lokacin da leɓɓan fiffike ke sassauce. Ke nan sharuɗɗan da aka bayyana a sashe na 4.1 suna haɗuwa ne a kan titin Dutse da tsakar ranar bazara, jirgi na ɗauke da ɗaruruwan alhazai. Boeing 747-400 in ya cika maƙil yana kusan tan 397.

Wannan ba dalilin fargaba ba ne ga maniyyaci, domin an riga an shigar da shi cikin lissafi. Jadawalin da matuƙi ke dubawa kafin tashi an gina shi ne a kan tunkuɗar injin da ke rataye a jikin wannan samfurin jirgi, bayan an cire duk hasarar mazauni, kuma an lissafa shi ta yadda jirgi zai iya tsayawa ko ya ci gaba da tashi ko da inji ɗaya ya mutu a tsakiyar gudu. In zafi ya yi yawa, jadawalin yana rage nauyin da aka yarda a ɗauka. A nan ne abin ke taɓa fasinja kai tsaye, ta hanyar tsananta awon kaya ko jinkirta tashi har rana ta yi sanyi. Wanda ya fahimci wannan zai rage zargin ma'aikata da ganganci.

A sama kuma lissafin sashe na 4.4 ne ke aiki. Daga Dutse zuwa Jidda ya haura kilomita 3,300 a miƙe, kuma rufe sararin samaniyar Sudan a 2023 saboda yaƙi ya tilasta wa jiragen alhazai zagaye a shekarar. Kowane kaso na tunkuɗa da ya salwanta tsakanin mafita da fiffike, da mai ake cike gurbinsa, kuɗin mai kuwa yana cikin kuɗin kujera.

7.0 Kammalawa

An ga cewa mafita ce ke mayar da matsi ya zama tunkuɗa, kuma aikinta ya dogara da iskar da ta tarar a waje, musamman in ba ta ƙoshi ba. An ga yadda fiffike da maratayi da ƙeyar kube ke canja wannan iska, da yadda hasarar kashi 1 a mafita ke iya zama kusan 3 a tunkuɗa. Tarihin VC10 da na Boeing 737 sun tabbatar da cewa inji guda yana iya halayya biyu a mazauni biyu, kuma zafin ƙasar Hausa yana cikin abubuwan da suka sa aka koyi wannan darasi.

Saura aiki a kan kalmomi. Waɗanda aka kawo a nan, irin su mafita, kube, maratayi, tirjiya da ƙoshi, shawara ce kawai. Ya kamata ɗaliban Hausa su kai su gaban malamai da ɗaliban Kwalejin Horar da Ma'aikatan Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da kanikawan da ke aiki a filayen Kano da Dutse, a ji waɗanda bakinsu ya karɓa da waɗanda suke da abin da ya fi su.